Shiru da Hujja: Tsakanin 'Yan Kweka da 'Yan Yunitariya

  Zan ba ku labarin mutanen da yawancinmu ba mu taɓa zama inuwa ɗaya da su ba.

Bari in fara da kai ku ɗakuna biyu a wani gari na Ingila, da hantsin ranar Lahadi. A ɗaki na farko babu mumbari, babu gicciye a bango, babu kayan kiɗa. Kujeru ne aka jera a zagaye, da ɗan tebur a tsakiya. Kowa ya shigo sai ya nemi wuri ya zauna, ya yi shiru. Ana nan har minti ashirin, sai wata dattijuwa ta miƙe, ta faɗi 'yar magana da ba ta wuce minti biyu ba, ta koma ta zauna. Babu wanda ya tanka mata. Da awa ta cika, dattawa biyu suka yi musafaha, kowa ya miƙa wa na kusa da shi hannu. Sujada ta ƙare ke nan.

A ɗaki na biyu akwai mumbari, akwai littattafan waƙa, akwai fasto da ya sha karatu. An kunna wuta a cikin wani ƙoƙo mai ƙafa, an rera waƙa, an yi karatu daga Linjila, an ƙara da na wani masanin falsafa, sannan fasto ya yi wa'azi mai tsari kamar darasin jami'a. Bayan an tashi, wurin shan shayi, wani ya tare shi ya ce bai gamsu da hujjarsa ta biyu ba. Fasto bai ji haushi ba, domin a nan haka aka saba.

Ɗaki na farko na 'yan Kweka ne, waɗanda sunansu na ainihi Ƙungiyar Abokai. Na biyu na 'yan Yunitariya ne, wato masu ɗayantawa. A Turai da Amurka mutane kan zuba su a kwando ɗaya: ƙananan ɗariku biyu da suka fito daga Kiristancin Furotesta, ba sa tilasta wa kowa haddace shaidar bangaskiya, kuma duk inda ake fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam sai ka gan su. Amma kama da wane ba ta wane. Abin da nake so mu tashi da shi yau shi ne, tambayar da ta haifi kowannensu daban ce. Ɗan Kweka ya tambaya: ta wace hanya bawa zai ji Ubangijinsa? Ɗan Yunitariya ya tambaya: shin abin da aka koya mana game da Ubangiji yana da hujja? Duk sauran bambancinsu daga nan ya tsiro.

Masu hujja

Da 'yan Yunitariya zan fara, don su ne yayye. Tun taron bishop-bishop na Nikiya a shekarar 325, koyarwar Triniti, wato Allah ɗaya cikin uku, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta zama ginshiƙin yawancin majami'u. Da guguwar gyaran coci ta taso a ƙarni na 16, aka ce kowa ya koma ga Littafi Mai Tsarki ya karanta da idonsa, sai wasu suka karanta suka ce su fa ba su ga Triniti a ciki ba. Wani likita ɗan ƙasar Sifaniya, Michael Servetus, ya wallafa littafi kan haka a 1531. Katolika suka neme shi, Furotesta ma suka neme shi. A ranar 27 ga Oktoba 1553 aka ƙone shi da ransa a birnin Janiba, inda jagoran Furotesta John Calvin yake da faɗa a ji.

Inda wannan ra'ayi ya samu gindin zama shi ne Transilbaniya, yankin da yau yake cikin Romaniya, a lokacin kuma yana ƙarƙashin inuwar sarakunan Turkiyya. Malamin fadar Sarki John Sigismund, mai suna Ferenc David, ya rinjayi sarkin. A 1568 majalisar ƙasar ta zauna a garin Torda ta yanke cewa kowane mai wa'azi ya yi bisa fahimtarsa, kowace jama'a ta riƙe wanda ta gamsu da shi, kada a tsangwami kowa, domin bangaskiya baiwa ce daga Allah. A Turai ta wancan zamani, inda ake zubar da jini kan aƙida, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai daɗin bai daɗe ba. Sarkin ya rasu a 1571, David kuma ya ƙara gaba ya ce bai halatta a roƙi Yesu cikin addu'a ba. Aka kama shi da laifin ƙirƙiro sabon abu, ya mutu a kurkukun Deva a 1579. Har gobe majami'unsu na can suna ɗauke da takensu da harshen Hangari, ma'anarsa Allah ɗaya ne.

A Folan ma sun yi ƙarfi ƙarƙashin koyarwar Faustus Socinus, suka kafa makaranta da maɗaba'a a garin Rakow, suka fitar da littafin aƙidarsu a 1605, kafin a yanke hukuncin korarsu daga ƙasar a 1658. Littattafan suka bi ta Holan suka isa Ingila. A can John Biddle ya yi ta shiga kurkuku yana fita har ya mutu a 1662. Sai a 1774 Theophilus Lindsey, limamin da ya ajiye muƙaminsa a cocin Ingila, ya buɗe majami'ar Yunitariya ta farko a Ingila, a titin Essex na Landan. Abokinsa Joseph Priestley, wanda ɗaliban kimiyya suka sani da gano iskar oksijin, fasto ne na wannan tafarki. A 1791 'yan tarzoma suka ƙone gidansa da ɗakin bincikensa a Birmingham, ya yi hijira zuwa Amurka a 1794. A can kuma, a yankin Boston, tsofaffin majami'u suka riƙa karkata zuwa wannan fahimta, har William Ellery Channing ya fayyace ta a wa'azinsa na Baltimore a 1819, aka kafa ƙungiyarsu a 1825.

Ku lura da irin mutanen da na lissafa: likita, malamin fada, masanin kimiyya, mai wa'azin birni. Harkar ma'abota alƙalami ce. Makaminsu nassi da hankali, fagen famarsu muƙabala da maɗaba'a.

Masu shiru

'Yan Kweka kuwa daga ƙauye suka fito. George Fox, ɗan masaƙi, an haife shi a 1624, ya yi koyon sana'a wurin mai ɗinkin takalma. Ya tashi a lokacin yaƙin basasar Ingila, yaƙin da ya kai ga fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649. Yana saurayi ya bar gida yana bin limamai da tambayoyin da suka dame shi, babu wanda ya kashe masa ƙishirwa. Daga bisani ya ce ya gane cewa Almasihu da kansa yake koyar da mai nemansa, a cikin zuciya, ba sai da ɗan aike ba. Wannan shi suke kira Hasken Ciki. A 1652, a arewacin Ingila, ya yi wa'azi ga taro mai kimanin mutum 1,000 a tudun Firbank, gidan Margaret Fell kuma ya zama cibiyar tafiyar. Sunan Kweka ba su suka raɗa wa kansu ba. Ma'anarsa mai makyarkyata, kuma wani alƙali ne a garin Derby ya yi wa Fox ba'a da shi a 1650, bayan Fox ya ce masa ya ji tsoron maganar Allah har jikinsa ya yi rawa.

Idan kowane mutum yana da rabo daga wannan haske, to me zai biyo baya? Su dai sun bi zancen har ƙarshensa. Suka ce ba su buƙatar limami mai albashi, don haka suka ƙi biyan ushirin coci. Mace na iya wa'azi kamar namiji. Suka daina baftisma da ruwa da cin jibin Ubangiji, suna cewa haƙiƙar abin a ciki take. Suka ƙi cire hula ga manya, wanda a Ingila ta lokacin daidai yake da talaka ya shiga fada bai tuɓe takalmi ba, bai faɗi gaisuwa ba. Turancin wancan zamani yana da "kai" da "ku" na girmamawa kamar yadda muke da su; su kuwa kowa "kai" suke ce masa, ko alƙali ko uban gida. Suka ƙi rantsuwa a kotu, hujjarsu ita ce mai rantsuwa ya nuna gaskiyarsa iri biyu ce, ta kullum da ta gaban alƙali. Sannan bayan dawowar sarauta a 1660 suka shaida wa Sarki Charles na Biyu a rubuce cewa ba za su ɗauki makami ba, ko don wane ne.

Sun ɗanɗana kuɗarsu. Dubbai aka ɗaure, ɗaruruwa suka mutu a kurkuku. A Boston aka rataye Mary Dyer a 1660 saboda ta ƙi daina komawa garin bayan an kore ta. Wannan ya sa William Penn, shi ma ɗan Kweka, ya karɓi ƙasar Fensilbaniya daga sarki a 1681, ya kafa birnin Filadelfiya, inda kowa zai bauta wa Allah yadda ya fahimta.

Ga wani abu da zai nuna muku yadda hukuma ta bambanta su. Dokar sassauci ta Ingila ta 1689 ta ba 'yan Kweka damar yin taronsu, amma ta ware masu musun Triniti. Su sai a 1813 aka cire musu hukunci. A idon hukuma, ɗan Kweka mai taurin kai ne, ɗan Yunitariya kuwa mai saɓo. Laifin wancan a ɗabi'a yake, na wannan a aƙida.

Aƙida, ibada da shawara

Game da Yesu, wato Annabi Isa, 'yan Yunitariya na asali sun tsaya kan cewa shi ba Allah ba ne, mutum ne zaɓaɓɓe, malami abin koyi. Sun kuma yi watsi da koyarwar zunubin gado. 'Yan Kweka na farko ba su yi wannan jayayya ba. Sun ƙi son kalmar Triniti don ba ta cikin nassi, amma Almasihu a wurinsu rayayye ne mai magana a zukata. Game da Littafi Mai Tsarki, ɗan Yunitariya ya ce a karanta shi da hankali kamar yadda ake auna kowane tsohon rubutu. Ɗan Kweka ya ce Ruhun da ya sa aka rubuta shi bai yi shiru ba, shi za a fara saurara.

A ibada, 'yan Yunitariya sun canza abin da ake faɗa amma sun riƙe fasalin coci: fasto, mumbari, waƙa, wa'azi. A Transilbaniya har da bishop da baftisma da cin jibi sau huɗu a shekara. 'Yan Kweka kuwa fasalin suka rushe. Ko aure ne, ango da amarya ke miƙewa cikin shiru su yi wa juna alkawari, duk wanda ya halarta ya sa hannu a takarda a matsayin shaida.

Inda na fi son ku tsaya ku duba shi ne yadda suke yanke shawara. Majami'ar Yunitariya a Amurka da Ingila mai cin gashin kanta ce: ana muhawara, a kaɗa ƙuri'a, masu rinjaye su ɗauka. Hatta fasto da ƙuri'a ake kiransa. 'Yan Kweka ba sa ƙuri'a ko kaɗan. Taron shawara a wurinsu ibada ne. Ana farawa da shiru, mutum ya yi magana, yawanci sau ɗaya, ba a mayar masa da martani nan take. Magatakarda yana saurare, idan ya ji zukata sun haɗu sai ya rubuta matsaya a nan take, ya karanta, a amince. Idan ba su haɗu ba, a ɗage, ko da shekara nawa za a yi. Abin da suke nema shi ne nufin Allah, kuma sun yarda mutum ɗaya zai iya ganin abin da ɗari ba su gani ba.

Wannan hanya tana da tsada, kuma batun bauta ya nuna haka. A 1688 wasu mutum huɗu a Germantown suka rubuta takardar ƙin cinikin bayi suka miƙa wa taro. Aka yi ta tura ta gaba, aka ajiye. Shi kansa Penn yana da bayi. Sai da mutane irin su John Woolman da Anthony Benezet suka yi shekaru suna bin 'yan'uwansu da nasiha, kafin a 1776 babban taron Filadelfiya ya yanke cewa mai riƙe da bawa ba ya cikinsu. Shekara 88 ke nan. Amma da suka yanke, sun yanke gaba ɗaya. Kwamitin da aka kafa a Landan a 1787 don hana cinikin bayi, mutum 9 cikin 12 'yan Kweka ne. 'Yan Yunitariya kuwa, da yake kowa da hankalinsa yake tafiya, sun rabu. Fasto Theodore Parker ya ɓoye bayin da suka gudo a gidansa, da bindiga a kusa da shi, ya kuma tallafa wa John Brown mai tawaye da makami don 'yantar da bayi. Shugaba Millard Fillmore, shi ma ɗan Yunitariya, shi ya sa hannu a dokar 1850 ta kamo bayin da suka tsere. Hanyar farko tafiyar hawainiya ce amma a tare. Ta biyu tana fitar da jarumai da wuri, ba ta ɗaure kowa.

Da yake an daɗe ana hana su duka samun digiri a jami'o'in Oxford da Cambridge, kowa ya nemi mafita irin tasa. 'Yan Yunitariya da sauran 'yan ba-ruwanmu da cocin gwamnati suka kafa makarantunsu, kamar ta Warrington inda Priestley ya koyar. 'Yan Kweka suka shiga kasuwa, suka yi suna da farashi ɗaya, ba tayi ba ragi, ko yaro aka aika ba za a cuce shi ba. Amana ta zama jari. Bankunan Barclays da Lloyds daga gidajensu suka faro, haka kamfanin Cadbury, mai Bournvita da TomTom da muke saye a kanti. Shi kuwa Quaker Oats sunan kawai ya ara, ba nasu ba ne.

Inda suke a yau

A 1961 'yan Yunitariyan Amurka suka haɗe da wata ɗariƙa mai cewa rahamar Allah za ta game kowa a ƙarshe. Ƙungiyar da ta fito tana da ikilisiyoyi kimanin 1,000, kuma ba ta kiran kanta ta Kirista zalla: a benci ɗaya za ka samu Kirista, da mai bin Buda, da wanda bai yarda akwai Allah ba. Abin da ya haɗa su alkawarin zaman tare ne da wasu manufofi na ɗabi'a. Waɗanda suka fara da faɗa kan ɗayantakar Allah sun wayi gari ba sa tambayar mai shiga ko ya yarda da Shi. Na Transilbaniya, kimanin mutum 60,000, suna nan kan Kiristancinsu. Akwai wasu a tsaunukan Khasi na Indiya tun 1887, da 'yar ƙaramar jama'a a Legas tun farkon ƙarni na 20.

'Yan Kweka ma sun rarrabu tun daga 1827. A duniya ba su kai rabin miliyan ba, kuma ƙasar da ta fi kowace yawansu ita ce Kenya, inda 'yan mishan daga Amurka suka sauka a Kaimosi a 1902. Ɗan Kwekan Kenya yana da fasto, yana waƙa, yana wa'azin bishara. Ɗakin shirun da na kwatanta muku yanzu na 'yan tsiraru ne. Waɗannan 'yan tsiraru na Ingila da sassan Amurka su ne suka yi kama da 'yan Yunitariya, domin su ma sun buɗe ƙofa ga kowa. Abin da ya rage wa kusan dukkansu shi ne ƙin yaƙi. Shi ya ba ƙungiyoyinsu biyu na agaji kyautar Nobel a 1947, shi ya sa kuma a yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970 Adam Curle da abokan aikinsa John Volkmar da Walter Martin suka iya kai saƙo tsakanin Janar Gowon da Ojukwu. An yarda da su don an san ba su da bindiga, ba su da abin sayarwa.

Kafin in zauna

Na san abin da wasu ke rayawa: ashe 'yan Yunitariya masu tauhidi ne, 'yan Kweka kuma sufaye. A yi hattara. Gaskiya ne an sha yi wa 'yan Yunitariya gori da cewa sun zama Turkawa, gaskiya ne kuma wata 'yar Kweka, Mary Fisher, ta yi tattaki ta gana da Sarkin Turkiyya Muhammadu na Huɗu a 1658, ya saurare ta cikin mutunci. Amma ɗan Yunitariya na asali da Littafi Mai Tsarki ya kafa hujja, ya yarda an gicciye Yesu, bai kuma bi Annabi Muhammadu (SAW) ba. Sufi yana da shehi da wuridi da shari'a. Ɗan Kweka ba shi da shehi. Idan muka sa musu rigarmu, ba su muka gani ba, kanmu muka gani.

Bahaushe ya ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Waɗannan jama'u biyu sun kwance maɗaurin da aka saba da shi, wato rubutacciyar aƙida, sai kowa ya nemi abin ɗauri. Ɗaya ya ɗaure da ladabin saurare, ɗaya da 'yancin tambaya. Tarihinsu ya nuna kowanne da raminsa: mai bin muryar zuciya kan iya ɗaukar son ransa a matsayin wahayi, shi ya sa 'yan Kweka suka sa taro ya zama ma'auni, mai bin hankali kan yi ta tankaɗe har rariya ta tashi babu tsaba. Ba na kiran kowa ya bar abin da yake kai. Amma duk wanda ya taɓa zama a taron unguwa ko kwamitin masallaci ko na coci, inda kowa ke jiran ɗan'uwansa ya numfasa ya karɓe zancen, ya san darajar magatakardan da zai iya cewa: ba mu haɗu ba tukuna, mu yi shiru, mu sake saurare.